Dangwalen Alhaji Kallamu

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, Iya, mu ji da me ta zo.

To ku gyara zama, na bakin ƙofa ya matso ciki. Wannan ba a dawa aka yi ta ba, ba kuma a zamanin kakannin kakanni ba. A nan Fegge aka yi ta, cikin Anaca, shekara uku ke nan, kuma duk wanda zan ambata, in ban ci abinci da shi ba, na ci da uwarsa.

Alhaji Kallamu fatoma ne, ya fi shekara arba'in a unguwar nan. Duk ɗan dakon da ya sauko daga Arewa da ɗan ƙullin kayansa, a zauren Alhaji yake fara kwana, a hannunsa kuma yake barin ajiya. Ya rasu wata Juma'a da hantsi a asibiti, aka sallace shi bayan an sauko masallaci, kafin la'asar an rufe shi. Ya bar matarsa Hajiya Sakinatu da ɗansa ɗaya tilo, Hashim, mai shagon fitilu a Babbar Kasuwa.

Kowa ya san Alhaji yana da hannun jari a Kamfanin Ƙanƙarar Bakin Kogi, mai ɗakunan sanyin nan na kifi da nama. Kamfani ne na jama'a, Ibo da Bahaushe da Bayarabe kowa da ɗan rabonsa a ciki. Da aka zo maganar gado, Hashim ya hau mota ya tafi ofishinsu na Inugu ya karɓo shaida. Can aka juyo masa fuskar kwamfuta aka ce ya duba da kansa, babu ko ƙwaya ɗaya da sunan mahaifinsa. Duk sun koma sunan wata Halimatu Sadiya Usaini, ta Mile 2 Diobu a Fatakwal. Ga takardar sauya hannu, ga dangwalen Alhaji a jikinta, ga kwanan wata: Alhamis, ana gobe zai rasu.

Wadda ta shigar da abin a kwamfuta kuwa tamu ce. Raihana, 'yar Maijidda mai masa, haifaffiyar Fegge, mai jin Ibo kamar a ɗakinsu aka yanke mata cibiya. Ita kaɗai ce Bahaushiya a ofishin. Aikinta shi ne duk hannun jarin da ya fita daga sunan wani ya shiga na wani, ta rubuta shi a manhajar da hukuma ke dubawa. Mutanenmu kuwa kun san su da ƙin tafiyar ofis. Sai aka saba, duk mai takardar kamfanin nan ya jefa ta a wani kwando da ke ƙarƙashin teburin masar Maijidda. Raihana ta zo gida Asabar, ta kwashe, ta tafi da su Litinin.

Daga tasha Hashim bai biya gida ba, teburin masa ya nufa.

"Inna Maijidda, ina 'yarki? Alhamis ɗin nan da aka rubuta, Baba bai san wanda ke kansa ba. Roba ce a hancinsa. Da wane hannu ya dangwala?"

"Hashimu, sassauta murya, a kan titi muke."

"Titin nake so ya ji! Hoton yatsan Baba yana cikin kwamfutarta tun tuni. Can ta ɗauko ta buga a takarda. A je a bincika, ita da matar Fatakwal ɗin nan bakinsu ɗaya."

Kafin masar da ke cikin tanda ta nuna, magana ta kai bakin kogi ta dawo. Wasu suka ce ai dama boko ba ya barin yaro da tsoron Allah. Wasu suka ce sun ga sabon takalmi a ƙafar Raihana. Wata ma, ba zan faɗi sunanta ba don tana nan da ranta, cewa ta yi Halimatu Sadiya matar Alhaji ce ta ɓoye. Hashim ya kai ƙara ofis, sai shugabar ofishin, Madam Obiageli, ta dakatar da Raihana, ta ce ranar Litinin mai zuwa za ta miƙa maganar ga manyan kamfani da 'yan sanda. Kwana shida ke nan tsakanin yarinyar nan da ankwa.

Maijidda ta kashe wutarta, ta yafa mayafi, ta tafi wurin Baba Gimba.

Baba Gimba mutumin Yawuri ne, da shanu ya zo ƙasar nan yana saurayi. A zamaninsa in aka saci saniya a zango, shi ake kira. Ya bi sawu ya ƙetare rafi, ya ratsa gonar rogo, ya je ya tsaya a ƙofar mahauci ya ce, "A nan ta kwana." Da tsufa ya zo sai ya koma sayar da igiya a gefen masallaci. A boko bai san ko bihim ba.

"Maijidda, ni sawun kofato na sani. Me zan gani a cikin gilashi?"

"Kai dai ka zo ka ji bakinta, Baba. Kwana biyu ko ruwa sai na yi da gaske take sha."

Ya naɗe igiyoyinsa ya bi ta.

Ya tarar da Raihana zaune a kan tabarma, ido ya kumbura. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi gajiya, ya tambayi Inugu da ruwan samanta, sai da ya ga numfashinta ya daidaita sannan ya ce, "'Yata, wannan akwatin naku, in mutum ya taka a ciki, sawu yana zama?"

"Yana zama, Baba. Wanda ya shiga, da ranar, da ƙarfe nawa, duk yana riƙewa. Ko kuskure ka yi ba a gogewa, sai dai ka rubuta gyara a ƙasansa, kowa ya ga na farko ya ga na biyu."

"Ashe ƙasa ce mai kyau, ruwa ba ya wanke ta. To sawun wa ke wurin?"

"Nawa."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Wa ya ba ki takardar?"

"A kwando na same ta, cikin wasu guda tara."

"Kin san Alhaji ya rasu kika shigar?"

"Na sani. Na ga kwanan watan kafin rasuwarsa ne. Ni ina Inugu, ban san jikin ya kai haka ba ranar. Na gwada dangwalen da wanda muke da shi a ajiye, tabon wuƙar nan na babban yatsansa ya fito daidai. Na ce a raina wasiyyar tsoho ce, kada in jinkirta masa." Ta share ido da bakin hijabi. "Baba, shi ya raka ni tasha ranar da zan fara aikin nan. Ya ce wa direba, ka ga 'yata, ka sauke ta a bakin ƙofa."

Baba Gimba bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Da zai fita ya ga faranti biyu cike da masa an rufe, ta huce. Maijidda ta ce ai Malam Isma'ila ne, tun da abin nan ya faru kullum sai ya saye rabin tanda, ya ce a ajiye masa, ba ya dawowa ɗauka. Malam Isma'ila shi ne mai wankan gawa na unguwarmu, shi ne kuma mai cike wa mutane takardu don yana da boko, aminin Alhaji Kallamu tun suna samari.

"Allah ya saka masa," in ji Baba Gimba, ya sa takalmi.

Hajiya Sakinatu tana takaba, don haka ta bayan labule suka yi magana. Bayan ta'aziyya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan tambaya. Ana cewa matar Fatakwal..."

Sai ya ji dariya, irin wadda ke fitowa tare da hawaye.

"Na ji. Alhaji? Mutumin da ko goro ya ɓoye a aljihu sai ya zo ya gaya mini? A'a, Malam Gimba. Amma wata biyu kafin ciwon ya yi tafiyar yini ɗaya Fatakwal, ya ce ziyara ce. Ya dawo ya ci tuwo malmala uku. Rabona da in ga haka na manta. Na ce Alhaji lafiya, ya ce wani kaya ne ya kusa sauka."

"Ranar Alhamis ɗin fa, wa ya zo asibiti da takarda?"

"Ba wanda ya zo da takarda. Tun Laraba da ya daina magana, hannun damansa yana cikin nawa. Ni nake jiƙa tsumma ina goge masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da tawada ta taɓa shi, da na gani."

Washegari Baba Gimba ya hau motar Fatakwal. A Mile 2 ya sha tambaya, daga mai shayi zuwa mai faci, har aka nuna masa wani ɗan shago mai keken ɗinki ɗaya. Mace ce 'yar shekara talatin da 'yan kai, da wushirya, da zare a bakinta. Hausarta rabi ce, rabin kuma Turancin kasuwa.

"Baba, I no sabi wetin be share o! Ban san hannun jari ba. Saƙo ya shigo wayata daga wani kamfani, na ce 'yan damfara ne, na goge."

"Amma kin sa hannu a takarda."

"Na sa. Wasu tsofaffi biyu ne suka zo nan. Dogon yana kuka, gajeren yana rubutu."

Ta ajiye almakashi ta ba shi labari. Mahaifinta Usaini ɗan dako ne a Anaca. Kwale-kwale ya kife da shi a kogi tana da wata huɗu a duniya. Uwarta ta ɗauke ta suka bi dangi, daga wannan gari zuwa wancan, har suka ƙare a Diobu. Dogon tsohon ya ce mata Usaini ya bar ajiya a hannunsa, ya sayi hannun jari da ita don kada ta narke, amma da sunansa ya saya, saboda Usaini ba shi da adireshi sai barandar shagon mutane. Ya ce shekara da shekaru yana cigiyarsu.

"Ni ban ma saurari wannan ba," in ji ta. "Cewa na yi, Baba, ka san babana da ido? Ya ce irin haƙoranki ne da shi. Ya ce in ya ɗauki buhu waƙa yake yi, muryar ba daɗi, amma ba ya fasawa." Ta yi dariya, ta sunkuyar da kai. "Nobody ever tell me that one. Mamana ba ta iya maganarsa."

"Kin ga dogon ya dangwala yatsa a nan?"

"A'a. Gajeren ya ce a gama gaba ɗaya, shi ya ce a bari tukuna sai ya gaya wa ɗansa da bakinsa. Baba, yana lafiya?"

Sai a lokacin Baba Gimba ya gane ba wanda ya gaya mata. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya gaya mata. Ya zauna har ta gama kukanta, ta kawo masa ruwan leda da gyaɗa, sannan ya roƙe ta ta zo Fegge ranar Lahadi.

A hanyar dawowa ya yi ta juya abin. Niyyar Alhaji ta fito fili, gajeren tsohon ma ya san ko wane ne. Amma wannan bai wanke Raihana ba, don har yanzu ga dangwale a ranar da mai yatsan ba ya motsi. Ya ce a ransa, na ji bakin kowa, ban ga sawun da idona ba.

Ranar Juma'a da sassafe ya tafi Inugu. Madam Obiageli mace ce mai jiki, mai tabarau a kan hanci, ba ta son ɓata lokaci. Ta juyo masa kwamfuta, ya girgiza kai, ya ce da guntun Turancinsa shi takardar kanta yake so. Ta sa aka ɗauko daga ma'ajiya. Bai dubi rubutun ba. Ya juya bayanta, ya shafa da tafin yatsa. Ya ɗaga ta saitin taga. Sannan ya kai ta hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Baba, na paper o, no be pepper soup," in ji Madam.

Ya yi murmushi, ya roƙi tawada da farar takarda. Ya sa Madam ta dangwala, ya sa mai gadi ya dangwala, shi ma ya dangwala. Ya jera su kusa da ta Alhaji ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, Madam ta ce fuskarsa ta canza kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya roƙe ta ta kawo takardar Fegge jibi.

"Zan kawo, because of that girl," in ji ta. "Shekara biyar ba ta taɓa ɓatar mini da ko allura ba."

Lahadi bayan azahar aka taru a zauren marigayi. Ga Hashim, ga Liman, ga Malam Isma'ila a lungu da carbinsa. Raihana da uwarta suna gefe ɗaya, Halimatu Sadiya tana ɗaya gefen, tana ta kallon bangon da aka ce mahaifinta ya taɓa jingina. Madam ta zo daga coci kai tsaye da ɗaurin ɗankwalinta kamar faifai. Hajiya Sakinatu tana bayan labule. Mu kuma da ba a gayyace mu ba muka cika tagogi.

Baba Gimba ya fara sa Halimatu Sadiya ta maimaita abin da ta gaya masa. Hashim yana ji yana huci.

"Ko da gaskiya ne, Baba bai dangwala ba! Ita da bakinta ta faɗa."

"Haka ne, ɗana. Riƙe takardar nan. Shafa bayanta. Me ka ji?"

"Ta ɗan kumbura."

"Tawada ce ta gaske ta jiƙa ta har ta ratsa. Abin da inji ya buga ba ya haka, Madam ta nuna mini nasu, a sama yake kwance kamar ƙura. Yatsan mahaifinka ne da kansa ya taɓa takardar nan. Raihana kuwa rabonta da ganinsa tun kafin a kwantar da shi. Wannan ɗaya."

Maijidda ta ce Alhamdu lillahi da ƙarfi, Liman ya ɗaga mata hannu.

"Na biyu. Saniya in tana tafiya, bakin kofatonta ya fi nutsewa, don can nauyi yake faɗawa. Mutum ma haka. Ga na Madam, ga na mai gadinsu, ga nawa. Duba, kowanne bakinsa ya fi duhu, don mai shi ya danna. Yanzu dubi na Alhaji. Ba gaba ba baya, ko'ina ɗaya. Ga lanƙwasa a takardar ta zagaye shi, ga inda yatsun wani suka tallafe ta ta baya. Yatsan nan bai zo wurin takarda ba. Takarda aka kai masa."

Baba Gimba ya karɓi takardar ya miƙa wa Liman.

"A asibiti ba a yi ba, Hajiya tana riƙe da hannun. Ga kuma ɗigon ruwa ya bushe a gefen nan. Liman, shaƙa ka gaya mana."

Liman ya kai hanci, ya sauke a hankali. "Kafur ne. Da ganyen magarya."

"Hashim, ranar wankan, kana ɗakin tun farko har ƙarshe?"

"Ina ciki, ni nake zuba ruwa. Sau ɗaya na fita, da Malam ya aike ni in karɓo likkafani wurin te..."

Bai ƙarasa ba. Ya juya a hankali ya dubi lungu.

Baba Gimba ya koma ya zauna. "Ni iyakata ke nan. Sawu in ya kai ƙofa, tsayawa nake yi. Mai gida shi ke fitowa."

Carbin Malam Isma'ila ya faɗi a kan tabarma. Bai ɗauka ba.

"Ni ne," in ji shi. "Ranar Talata Kallamu ya riƙe rigata, ya ce Isma'ila, na yi ta jira in sami bakin gaya wa Hashim, ban samu ba. Takardar tana wurinka, gobe ka zo da tawada. Na zo Laraba da ita a aljihu, na tarar ya daina magana. Na zo Alhamis na zauna har magariba ko zai buɗe ido. Juma'a aka kira ni in zo in wanke shi, takardar tana nan a aljihuna. Na dube shi kwance, saura awa biyu a sa shi a ƙasa da amanar marainiya a wuyansa. Na ce Kallamu, ba zan bar ka ka tafi da wannan ba. Na kama hannunsa, na yi, na wanke yatsan sau bakwai. Na rubuta Alhamis don ita ce ranar ƙarshe da ya kwana da rai. Ban so in yi ƙarya mai nisa ba."

Hashim ya miƙe tsaye. "Gawar ubana? Na ba ka gawar ubana, ka aike ni waje kamar yaro? In gaskiya ce me ya hana shi gaya mini? Ni ɓarawo ne da zan cinye kayan marainiya?"

"Kunyarka yake ji, ba tsoronka ba. Shekarun da kasuwa ta karye masa, da ribar hannun jarin nan ya riƙe ka a makaranta. Ya ce yaya zan dubi yaron nan in ce da gumin mamaci ya yi karatu?"

Daga bayan labule Hajiya Sakinatu ta ce, "Zauna, Hashimu. Na tuna shekarun. Na tambaye shi inda yake samowa, ya ce Allah ne. Wannan kaɗai ya iya ɓoye mini." Ya zauna, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Madam Obiageli, da Raihana ke fassara mata a kunne, ta cire tabarau ta goge. Ta ce ita dai abu ɗaya ta sani, mamaci ba ya sa hannu. Shigarwar nan ba ta da ƙafa, dole a mayar da komai sunan Alhaji, daga nan ya zama na magada, su yi abin da suka ga dama. Maganar 'yan sanda kuma, wanda ya kawo ƙara shi zai ce a ci gaba ko a bari. Amma kwandon masa, ta ce, daga yau ta kashe shi.

Malam Isma'ila ya ja jiki a kan tabarma har gaban Raihana. Tsoho mai furfura, ya durƙusa gaban sa'ar 'yar cikinsa. Ta yi sauri ta sauko ƙasa ita ma.

"Malam, don Allah tashi."

"Bari in faɗa. Kwana shida ina ji ana cin namanki, na yi shiru. Kullum in fito da niyyar magana, in kai teburin uwarki, in kasa. Shekara talatin mutanen unguwar nan suna miƙa mini iyayensu su juya baya, don sun yarda da hannuna. Na ji tsoron ranar da za a ce hannun nan ya yi wani abu a ɓoye. Na fifita sunana a kan naki, 'yata. Wannan ba Kallamu ne ya sa ni ba."

Raihana ta dube shi. Hawaye yana zuba, ba ta share ba.

"Malam, kai ka wanke babana. Na ga yadda ka fito da shi. Ba zan iya riƙe ka ba." Ta ja numfashi. "Amma da ka zo ka gaya mini. Akwai hanya, Malam. Ko mutum ya rasu akwai hanya, magada su sa hannu, kotu ta ba da takarda, a mayar wa mai abu abinsa da rana tsaka. Aikina ke nan. Kullum shi nake yi. Kuna aiko mini da takardu a kwando, ba wanda ya taɓa tambayata."

Wannan magana ba Malam kaɗai ta kama ba. Mu na taga ma sai da muka sunkuyar da kai.

Hashim ya ɗago. Ya dubi Halimatu Sadiya, ya dubi Raihana. Ya ce, "Inna Maijidda, a kan titi na zage ku. Gobe da safe a kan titin zan zo in ba ku haƙuri."

"Ka zo da yunwa," in ji Maijidda, "masar kwana shida tana jiran mai ci."

Aka yi dariyar da ba a shirya ba, har da Madam da ba ta ji abin da aka ce ba.

Ranar Litinin ɗin da aka ce za a kira 'yan sanda, Raihana ta koma kujerarta. Da hannunta ta rubuta gyara a ƙasan shigarwar farko, ta faɗi dalili ba ta rage komai ba. An ba ta takardar gargaɗi saboda kwando, ta karɓa. Hashim ya janye ƙara. Takardun kotu sun ci wata bakwai, da suka fito shi da Hajiya Sakinatu suka je Inugu da ƙafarsu suka mayar wa Halimatu Sadiya kayan mahaifinta. Ba ta sayar ba. Duk sallah tana zuwa Fegge da 'ya'yanta, a ɗakin Hajiya suke sauka.

Malam Isma'ila ba wanda ya hana shi wanka, shi ya ajiye da kansa, ya koya wa mutum biyu ya koma gefe. Hashim ya yi shekara ba ya amsa masa fiye da sallama, yanzu suna zama benci ɗaya. Baba Gimba ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa. Maijidda tana nan da tandarta. Raihana kuwa an ƙara mata girma, ita ce mataimakiyar Madam, kuma Asabar ɗin farko ta kowane wata tana kafa tebur a ƙofar masallacin Fegge da kwamfutarta da tawadarta, mai takarda ya zo da kansa, ya zauna, ya yi tambayarsa, ya dangwala a gabanta.